Baba ya ƙi allurar barci

Mu mutanen Aliero, duk ciwon da ya taɓa ƙashi wurin masu ɗori muke kai shi, ko da ba karaya ba ce. Haka aka yi da ƙafar mahaifina. Kumburi ya fito masa a ƙasan gwiwa bayan an cire albasa, aka ce targaɗe ne, aka ɗaure da kara, aka yi tofi. Lokacin ina aure a Maiyama. Ranar da na zo na ga ƙafar ta koma kamar turmi, na yi faɗan da har yau matan gidanmu suke ba da labarinsa. Washegari na sa shi a mota sai babban asibiti a Sakkwato, inda aka ce ciwon daji ne a ƙashi.

Aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin daji, wanda suke kira kimo. Maganin nan ba shi da kunya. Gemun Baba ya riƙa zubewa a tafin hannunsa wajen alwala, farcensa ya yi baƙi, bakinsa ya cika da gyambo. Mutumin da ya tsufa a gonar albasa, sai ga shi ko warinta ya ji sai amai. Duk ya shanye. Har da aka ce sai an yanke ƙafar, cewa ya yi wanda ya ba shi ne zai karɓa. Rigima ta tashi ne da ya ji za a sa shi barci kafin tiyata.

"Ba a yi mani wanga barci," in ji shi. "In mutuwa ta iske ni ban san inda kaina shike ba, da wane baki za ni yin kalmar shahada? Ku maishe ni gida."

Na lallashe shi, na yi kuka, na yi fushi, ko gezau. Na san maishe shi gida haka nan kai shi kabari ne, kuma tsoro ya kama ni sosai. To amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nasa ni ma ina da shi. Na tsare ƙofar likitar da ke sa mutane barci har ta fito. Ta saurare ni, ba ta yi dariya ba. Ta ce akwai wata hanya: allura a gadon baya, ta kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum yana farke. Sai dai kimo ya rage masa ƙwayoyin da ke tsayar da jini, kuma taɓa bayansa a haka ganganci ne. Sai jinin ya farfaɗo, shi kuma ya samu ƙarfin jiki.

Na dawo da shi gida na tare a can. Na hana sa albasa a tukunya, a Aliero fa, mutane suka ce na zautu. Ranar kasuwar Jega nakan hau kabu-kabu in sayo hanta wurin mahauta, in haɗa da zogale da kunun gyaɗa. Ya ci ya amayar, in share in kawo wani.

"Baba, kai ka ce ba ka barci," nakan ce masa. "To buɗe baki."

Gwajin farko jinin bai kai ba. Na haɗiye takaicina muka dawo, muka ci gaba. Da muka sake komawa, likitar ta duba ta ce za a iya.

Da safe aka shiga da shi ɗakin tiyata, leɓɓansa suna motsi da zikiri. Da aka turo shi waje idonsa biyu, har yanzu suna motsi. Ya kama hannuna.

"Ɗiyata, ban ji zahi ba, amma na san sa'ad da anka raba mu. Kada ki bar ta nan. Ita ta kai ni masallaci da hwadama tun ina yaro. Kai ta gida a bizne ta."

Ma'aikatan asibiti suka ba ni ƙafar a naɗe cikin farin ƙyalle, na saka a kwali. A tasha direba ya miƙo hannu zai jefa bayan mota cikin buhuna, na ce ya bari. A cinyata na riƙe ta har Aliero. Ƙanen Baba ya karɓa da hannu biyu ya wuce maƙabarta, ni kuma ko ruwa ban sha ba na juya tasha, domin na baro mai ita a asibiti, da ransa.