Matan da Na Ƙirƙiro a Bayan Zaure

Kafin a san ni da sata, da gumin shinkafa aka san ni. A Tudun Wada in aka ce shinkafar da ba ta karyewa a inji, to tawa ake nufi. Ban taɓa shiga aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma kaina yana riƙe abu har gobe. Ku yara masu tasowa, ku saurara, don ba na so ku bi inda na bi.

Akwai wani Alhaji a garinmu mai injin casar shinkafa. Yakan sayo shanshera, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, daga ƙauyukan Doguwa, a raba wa matan gida su jiƙa, su turara, su shanya, sannan a kai inji. Yawancinsu matan kulle ne, shi kuwa namiji, iyakarsa zaure. Sai ya ɗora ni a kansu. Ni ke shiga da buhu, ni ke fitowa da shi, ran Alhamis kuma ni ke karɓo ladan kowa in ƙulle a bakin zane in bi gida gida. Ban da ladan buhu, kowane gida yana da kuɗin itace, da Sallah kuma kowace mace turmin atamfa. Abin da na faɗa wa akawu shi yake rubutawa.

Da ɗan abu na fara. Wata daga cikin matan ta tashi ta koma Kiru, kuɗin itacenta ya fito, na ce in riƙe zuwa mako mai zuwa. Mako ya zo, babu wanda ya tambaya. Sai na bar ta a raye a bakin akawu. Daga nan na fara haifar mata da bakina: wance a unguwar gabas, wance a bayan kasuwa, duk masu kulle mai tsanani. Buhunan da nake cewa sun turara, matan gaskiya nake jibga wa, in ba su rabin lada, in ce Alhaji ya rage farashi. Na yi shekaru a haka. Na sayi awaki, na sa ɗan kunnen zinariya, ana gaishe ni da rusunawa.

Can a ƙarshen zamanin soja aiki ya yi wa Alhaji yawa. Ga masu dako, ga masu tayar da inji, ga direba, ga mata, akawu kuma ido ya fara gazawa, kowace Alhamis sai an yi rigima. A lokacin ne ’yarsa Zulai ta dawo daga karatu a Kano da kwamfuta a kwali. Ta ce akwai tsarin biyan ma’aikata da ake zuba wa na’urar, abin da jikokina ke ce wa manhaja yanzu, kuma sai an zaɓi wanda ya dace. Mutum biyu suka zo daga birni, kowa da faifansa.

Na farko ya sha kwat, bakinsa kamar rediyo. Ya ce nasa manyan kamfanoni ke amfani da shi, albashi wata wata, mata kuma a haɗa su wuri guda a ƙarƙashin sunan shugabarsu, a huta. Na biyu wani shiru-shiru ne, nasa mai arha ne ba ado, amma kowane mutum da gurbinsa, kuma yana fitar wa kowa ’yar takardar abin da ya yi da abin da ya samu. Alhaji ya sa aka kira ni don shawara. Na yabi mai kwat har na gaji, na ce arha ba ta taɓa yin ƙarko.

Zulai ba ta musa mini ba. Yarinyar nan ban taɓa ganin mai natsuwarta ba. Zama ta yi tana tambayarsu a hankali: in an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, abin da aka shigar zai ɓace? In ya lalace wa zai zo gyara, kuma daga ina? Tsohon akawu zai iya koyo, ko korarsa za a yi? Sannan ta ba su aikin makon da ya wuce ta ce kowa ya lissafa a gabanta. Na mai kwat ya kasa gane rabin buhu, bai kuma san ladan yini ba. Ta juya wajen mahaifinta ta ce, “Baba, mu ba banki ba ne. Mutanenmu da buhu suke aiki, wanda ya san buhu za mu ɗauka.” Alhaji ya yi dariya ya ce ta zaɓa.

Ban tsorata sosai ba, don na ɗauka sunaye zan faɗa a shigar kamar kullum. Sai ta ce a’a, ba ta sa kowa a ciki sai ta gan shi. Na ce mata gidajen nan ba a shiga. Ta ce, “Inna, ai ni mace ce. Zaure ba ya tare ni.” Shekara da shekaru zaure ne ke rufa mini asiri, ban taɓa tunanin mai kuɗin zai zo da mayafi ba.

Na fara kai ta gidajen gaskiya. A bakin gari akwai Dije, Bafulatana da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, idanunta jajur saboda hayaƙi. Zulai ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi buhunan da take yi da abin da ake ba ta. Dije ta faɗa, har tana sa wa Alhaji albarka, wai ko da ya rage ai yana ƙoƙari. Zulai ko kallona ba ta yi ba.

Daga nan na kai ta gidan Tabawa, ’yar ƙanwar uwata, wadda na kitsa wa abin da za ta ce. Tabawa ta yi ƙoƙari, har da kukan ciwon baya. Amma tsakar gidan fes, ba rabin duron turara shinkafa, ba baƙin hayaƙi a bango, ba ƙaiƙayi ko na kaji su tona. Zulai ta roƙi ruwa ta sha, ta yaba lallen hannun Tabawa, ta tambaye ta inda take shanya. Tabawa ta dube ni. Ni kuma na dubi ƙasa.

A hanyar komawa ta tsaya a gindin wata ɗorawa. Ta ce, “Inna, kin goya ni ina ƙarama. Ki je ki gaya wa Baba da bakinki, a mayar wa matan nan haƙƙinsu a hankali. Ni zan tsaya miki, kuma babu wanda zai ji.”

Wallahi ƙofa ta buɗe mini, girman kai ya hana ni shiga. Na ce yarinyar da aka haifa a gabana ba ta isa ba. Na je gaban Alhaji na ce na’urar ’yarsa ƙarya take shirgawa, na rantse, na ce Dije ce maƙaryaciya, ta sha karɓar kuɗi tana musu. Wannan ƙazafin shi ya kai ni ƙasa. Maganar ta fita, matan suka haɗa bakinsu suka gane komai, mazansu suka kai ƙara. Alhaji ya ce nasa ya yafe, amma gumin mata ba nasa ba ne balle ya yafe. Aka sayar da awakina da zinariya, alƙali ya tura ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin can ba, sai dai ku sani na ci shinkafa mai tsakuwa, ni da ake misali da tawa. A can na koyi yin sallah da hawaye.

Da na fito, gidan Dije na fara zuwa. Na durƙusa a inda Zulai ta taɓa durƙusawa na nemi gafara. Sai ta miƙo mini ƙwaryar nono. Bayan kwana biyu sai ga Zulai da kanta, an biyo ta da buhu ɗaya. Ta ce shugabanci kam babu, amma har yanzu ba su sami mai gumi kamata ba, kuma ta buɗe mini gurbina a na’urar. Na hura wuta da hannuna, hayaƙi ya cika mini ido kamar kowa.

To yara, in aka ba ku amanar abin da mai shi ba ya iya gani, ku ji tsoron Wanda yake gani. Kada ku ce na mako ɗaya ne. In kuma wani ya kama ku ya ba ku dama a ɓoye, ku karɓa da hannu biyu. Masu sana’a kuwa, in za ku zaɓi irin wannan tsarin, ku yi yadda Zulai ta yi: ku gwada shi da aikinku, sannan ku taka ku ga mutanen da idonku.

Ran Alhamis aka miƙo mini ladana da ’yar takarda. Ban iya karanta ta ba, na sa Zulai ta karanta mini. Sunana ne, buhu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Na ce ta sake karantawa.