Odar jirgin da yayana ya kawo

Shekara goma sha huɗu yayana ya yi a Abijan, ba wasiƙa ba aike. Ranar da ya dawo Buza, jaka ɗaya ce a hannunsa, cikinta har da ɗan jirgin ƙasa na wasa mai layin dogo, wanda ya sayo wa ɗiyar da ya bari tana tatata. Ya tarar da ita da goyo a baya.

Ya shimfiɗa layin a tsakar gida, jirgin ya yi ta zagaye, amma odarsa ta ƙi kuka. Ya canza pil, wato batir, shiru. Ya buɗe cikin da tsinin wuƙa, ya hura ƙura, ya goge tsatsa. Kwana uku yana wannan aiki, bai tambaye ni inda muka binne inna ba, ni da na yi jinyarta ni kaɗai.

Ranar kasuwar Madawa ya ce in raka shi wurin mai gyaran rediyo. Mutumin ya duba, ya ce, “Waya ce ta tsinke,” ya liƙe ta da dalma. Jirgin ya yi kuka, yayana ya yi dariya har da tafi.

Na ce, “Yaya, inna ta kira sunanka har muryarta ta dushe.”

Ya sunkuyar da kai, ya ce, “Bari dai mu je gida.”