Butar Baba da Sojan Bakin Layi

Ko da zan manta komai na shekarar da annoba ta sa aka kulle Kumasi, safiyar da soja ya tare mahaifina da buta a hannu tana nan daram a raina.

Duk wanda ya tashi a unguwar Alabar ya san irin gidajenmu: ɗakuna rututu, mutane kamar kasuwa, amma babu salga. Ta unguwa muke zuwa, can ƙarshen layi, kowa da butarsa. Da gwamnati ta ce kowa ya zauna a gida, sai aka girke sojoji a bakin layinmu, kai ka ce yaƙi za a yi. To, shi ciki ina ruwansa da dokar kulle?

A lokacin babu wanda ya kai ni cika baki. Kullum a teburin mai shayi ina cewa ƙasar nan sai soja ya karɓa za ta gyaru, farar hula surutu kawai suka iya. Misalin da nake bayarwa shi ne wakilin unguwarmu a majalisar gari, wani tela gajere siriri da muke kira Onarabul, rabi girmamawa rabi tsokana. Ranar zaɓensa ma ƙwallo na tafi kallo.

Ran nan da hantsi Baba ya fito, ina biye da shi da tawa butar. Ya haura saba'in, ga ciwon gwiwa. Wani soja matashi ya daka masa tsawa da yaren Twi, yana tambayar ina za shi. Baba ya dai ɗaga buta. A Zongo, wato unguwannin Hausawa irin tamu, wannan cikakkiyar amsa ce, dattijo ba ya faɗin sunan wurin a gaban mata. Shi kuwa sojan, daga baya muka ji a unguwar Kwadaso ya girma, inda ban-ɗaki ke cikin gida. Abin da ya sani game da buta alwala ce kawai, ga shi an hana jam'i a masallaci. Nan take ya ce Baba ya kama kunne ya yi tsallen kwaɗo har gida.

Baba fa! Mutumin da ake kira ya sasanta ma'aurata, ga mata cike da ƙofofi suna kallo. Na ga ya ajiye buta a hankali, hannunsa ya fara tafiya wajen kunne. Ni kuwa gogan naku, mai kiran soja ya karɓi ƙasa, na laɓe bayan wani kiyos, ɗan shagon katako, ina leƙe. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Sai ga Onarabul da silifas, tef ɗin awo a wuya.

"Baaba, sake kunnen nan," in ji shi. Ya juya ga sojan. "Masta, wa ya aiko ku nan?"

"Gwamnati," in ji sojan.

"Yawwa. Gwamnatin nan mu muka zaɓe shi, ni ma nan unguwan aka zaɓe ni. Dokan da aka karanta a rediyo ya yarda mutum ya je salga. Kai ba ka da dokan kanka kuraa, ko kaɗan. Kira mini oganka."

Sojan ya gyara riƙon bindiga, na ce yau tela ya ɗinka likkafaninsa. Amma Onarabul bai matsa ba. Ya zaro wata tsohuwar waya mai ɗaurin roba ya kira shugaban kwamitin tsaro na gari, wanda shi ma farar hula ne. Ba a jima ba motar ogan sojan ta iso. Ya saurari tela har ƙarshe, ya leƙa gidanmu ya ga da gaske babu salga, sannan ya sa sojan ya ɗauki butar da hannunsa ya miƙa wa Baba, ya ba shi haƙuri. Baba ya karɓa ya ce, "Ɗana, na yafe, amma ba ni hanya, sauri nake."

Washegari buta ta zama takardar izini. Mai zuwa kasuwar Race Course sayen tumatir ma da buta yake fita. Har sojan nan, da muka saba, ya tambaye ni ko duk Alabar zawo muke yi.

Daga baya na je shagon Onarabul yin godiya. Ya dube ni ya ce, "Na gan ka bayan kiyos, Janar." Sunan ya bi ni har yau.

Abin da na koya shi ne, bindiga tana da amfani muddin akwai wanda muka zaɓa da zai ce wa mai riƙe da ita dakata, kuma ya dakata. Da fatan da nake yi a teburin shayi ya cika, babu wanda tela zai kira a waya, kuma da mahaifina ya yi tsallen kwaɗo a gaban matan unguwa. Zaɓen da ya biyo baya, ni ne na uku a layi. Baba ne na biyu.