Wanda Ya Zauna a Kujerar Malam

Muna dawowa daga Sandamu, fitata ta farko bayan takaba, sai allon motar lantarkin ɗana ya hau ƙara, wai akwai mutum a kujerar gaba bai ɗaura bel ba. Nan marigayi Malam, maigidana, yake zama.

Ɗana ya kashe ya kunna, ni kuma daga baya har tofi na yi wa allon. Bai daina ba.

A Daura makanike ya leƙa ya ce, "Hajiya, nauyin buhun geron nan take ji. A ɗaura masa bel."

Na ce, "Shi ma mai kujerar sai da faɗa yake ɗaurawa."

Da hannuna na ɗaura, ina dariya ina hawaye.

Ku ma akwai kujerar da kuka kasa zama a kanta?