Mutumin da Ya Hana Ɗana Gadon Ƙafata

Ni na fara gane Malam Ƙugiya, tun kafin kowa. Ranar da ɗan kwangila ya kawo shi wurin gininmu don ya koya wa ma'aikata yadda ake hawa sama a sauko da rai, leburori dariya suka yi, su suka laƙaba masa wannan suna. Ni ban yi boko ba, wannan ma jikata ke rubutawa, amma ina duba idonsa na ce wannan ya taɓa ɗaukar gawa a gindin bene. Haka kuwa aka yi.

Na san abin da nake faɗa. Ina birkila na faɗo daga hawa na uku, na tashi da raina, ƙafar hagu ce kawai ta karkace. Samari har alfahari suke da ni, suna cewa, “Baba ma ya faɗo bai mutu ba.”

Kullum da safe Malam yana tsaye a gindin tsani. Ba mai wucewa sai ya ja ɗamarar tsaronsa, ya buɗe bakin ƙugiyar igiyarsa ya rufe, ya ƙwanƙwasa hular kwano. Sabon ma'aikaci kuwa sai ya rataye shi da igiya dab da ƙasa, ya bar shi yana lilo har jikinsa ya yarda igiya na riƙe mutum. Da ya ji ana yi masa gardama da sunana, sai ya kira ni gaban kowa.

“Baba, don Allah nuna musu ƙafar.”

Na nuna.

“Ku nawa kuka faɗo ranar?”

Na ce mu biyu. Ba wanda ya tambayi inda ɗayan yake.

Ɗana na fari mai filasta ne, da taurin kai irin nawa. Tsofaffin hannu suna da wata dabara: su maƙala ƙugiya a ɗamararsu maimakon jikin ƙarfen gini, daga ƙasa sai ka rantse a ƙarfe take. Malam ya hau da kansa ya kama ɗana yana yin ta.

“Kawu, igiyar nan tana rage mini sauri.”

“Saurin zuwa ina? Ƙasa? Sauka, sai ka sake rataya kamar baƙo.”

Mai 'ya'ya uku, ya yi lilo gaban yaran da ya koya wa aiki. Ya daina gaida Malam. Daga baya, da damina, katako ya karye ƙarƙashinsa a hawa na biyar. Ina ƙasa ina kallo. Igiya ta riƙe shi, yana reto yana salati, har aka janyo shi.

Malam, kai ne mai hanawa ana zaginka, mai ƙirga mutane da yamma kamar yadda ka ƙirga su da safe. Yau ka ajiye aiki, ba wanda zai ga aikinka, domin aikinka jana'izar da ba a yi ba ne. Na gode. Allah Ya riƙe ka yadda ka riƙe mana 'ya'ya. Ku da ya koya wa, ku tsaya a gindin tsanin nan, kada ya zauna babu kowa.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya zo gidana. Ya dubi tafiyata, ya dubi ta ɗana, sannan ya maimaita maganar a gabana.