Rayyanu da Jarrabawar Maigidansa

A Tasawa, in ka ga wata tsohuwar farar mota tana tafe a hankali ta gefen kasuwa, mai ita ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ba sai ka tambaya ba, Malam Rayyanu ne. 'Yan kabu-kabu kan wuce shi suna dariya, shi kuwa ya ɗaga musu hannu. Mutum ne siriri, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya shiga mota sai ya kewaye ta ya leƙa ƙarƙashinta, ko da a ƙofar gidansa ta kwana. Wanda bai san shi ba sai ya ce tsoron mota yake ji, alhali kuwa a cikinta ya girma.

Haifaffen Korgom ne, ɗan manoma. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, amma hankalinsa yana bakin hanya, duk motar da ta shigo garin sai ya bi ta da gudu har inda ta tsaya. Da mahaifinsa ya ga haka, sai ya kama hannunsa ya kai shi tashar Tasawa, ya danƙa shi ga wani direba da ake kira Gajere, wanda ke jigilar mutane tsakanin Tasawa da Mayahi da ƙauyukan da ke bayansu. Gajere gajeren ne da gaske, sai ya ɗora matashi a kan kujera yake hango gaba, amma duk yankin ba a yi mai iya tuƙi a rairayi kamarsa ba. Shi ya koya wa Rayyanu rage iskar taya kafin a shiga yashi, da gane ciwon inji daga ƙararsa. A gidansa Rayyanu ya ci ya sha har ya zama saurayi, shi ne kuma ya tsaya masa ya samu permi, wato takardar izinin tuƙi.

Neman na kai ya kai Rayyanu Yamai, inda ya samu aikin tuƙa motar da ke jan amalanken kayan fasinja a filin jirgin sama. A ranar farko aka ce masa ya adana permin nasa a aljihu, tuƙin titi daban, na filin jirgi daban, sai ya sake koyo daga tushe. Abin ya ba shi haushi, shi da ya yi tuƙi a inda babu ko hanya. Da aka zo gwada shi, ya ga jirgi a tsaye, ya ga sarari a bayansa, sai ya ratsa ta nan don ya yanke hanya, bai kula da jar fitilar da ke walƙiya a ƙarƙashin jirgin ba, wadda ke nuna ana shirin tada inji. Nan take aka kayar da shi. Mai gwajin bai yi masa faɗa ba, ya dai kai shi nesa ya tsayar da shi, ya ce ya kalli yadda iskar injin ke kwantar da ciyawa can bayan fili. Rayyanu ya kalla, ya gane haɗarin da ya kusa jefa kansa.

Daga nan ya saki jiki ya koya. Ya gane cewa a can jirgi ne mai hanya, kowa jiransa yake. Ba a bi ta ƙarƙashin fiffike, ba a ja da baya sai da wanda ke nuna maka, ba a kusantar jirgi sai an taka birki an tabbatar yana kamawa. Ko ƙusa ka gani a ƙasa sai ka tsaya ka ɗauke, don inji na iya zuƙe ta. In kuma an ba ka umarni ta radiyo, sai ka maimaita shi da bakinka kafin ka motsa. Shekaru suka ja, aka ga natsuwarsa, aka mayar da shi mai koyar da sababbin direbobi da gwada su. A tsakanin nan ya auri Zara'u, 'yar El Allassane Maïreyrey, wadda ba ta taɓa son zaman Yamai ba, kullum zancenta gona da awaki. Da ya aje aiki suka tattara suka dawo Tasawa, ya gina gida, ya koma noman hatsi da wake, Zara'u ta cika bayan gida da dabbobi.

Yana cikin wannan zama ne wata damina fara ta taso wa gonaki hatsi na dab da fitar da kai. Aka ce za a kawo ƙananan jiragen feshi, su riƙa sauka a wani fili na jar ƙasa da ke bayan gari. Jirage kuwa suna bukatar motoci a ƙasa: kamiyon mai, wato babbar motar dakon mai, da motar ruwa, da masu ɗaukar magani da ma'aikata. Masu aikin suka nemi direbobi 'yan gari, suka kuma nemi wanda zai hore su ya tantance su. Wani ya tuna da Rayyanu, aka zo har gona aka same shi. Bai yi dogon tunani ba ya amsa, don shi ma hatsinsa na cikin abin da ake son ceta.

Safiyar da aka tara masu neman aikin, yana duba fuskoki sai ya ga Gajere a sahun gaba, da matashinsa a hammata. Ya tsufa, motarsa ta daɗe da mutuwa, amma idonsa na nan da kaifinsa. Rayyanu ya durƙusa ya gaishe shi a gaban kowa. Gajere ya ce masa ya tashi, yau shi ɗalibi ne, ya zo ya ga abin da aka koya wa Rayyanu a birni.

Jiragen ba su iso ba tukuna, sai Rayyanu ya yi dabara. Ya zuba toka ya ja layuka a ƙasa, ya ari amalanken jaki ya ɗaura masa dogon katako a gicciye, ya ce daga yau wannan shi ne jirgi, katakon kuma fiffikensa. Aka yi ta dariya, har ranar da wani direban kamiyo ya ja da baya ya karya katakon, Rayyanu ya tambaye shi a hankali wa zai biya in fiffiken gaske ne. Dariya ta ragu daga nan. Wajen sarrafa mota kuwa babu wanda ya kama ƙafar Gajere. Yakan kawo kamiyon mai ya tsayar da shi daidai kan toka, taya ba ta taɓa layi ba, samari suna kallo baki buɗe.

Sai dai Rayyanu ya lura da wani abu. Duk lokacin da yake bayani, Gajere bakinsa yake kallo, in kuma ya juya baya yana magana, sai tsohon ya tambayi na kusa da shi abin da aka ce. Ya bar abin a ransa har ranar gwaji. Da layi ya zo kan Gajere, aka ba shi radiyo, ya shiga kamiyo ya nufi pisti, wato hanyar da jirgi ke bi ya tashi. Rayyanu ya tsaya nesa ya ce masa ta radiyo ya tsaya, jirgi na sauka. Kamiyo bai tsaya ba. Ya sake faɗa da ƙarfi, ya sake, kamiyo ya tsallake pisti cikin natsuwa ya je ɗaya gefen ya juyo. Gajere ya sauko yana murmushi, yana jiran yabo. Samarin suka sunkuyar da kai.

Rayyanu ya sallami kowa. Ya koma gida ya kasa cin tuwon rana. Zara'u ta ji labarin, ta ce masa abin da ya sani ne: in ya rufe ido ya ba Gajere aikin, ranar da jirgin gaske ya sauko ba za a ce laifin Gajere ba ne, kuma ba shi kaɗai zai mutu ba. Ta ce amma kada ya bari tsohon ya ji a bakin wani, ya tashi ya je da ƙafarsa.

Bayan la'asar ya samu Gajere a zaure yana gyaran wata tsohuwar fitila. Suka gaisa, Rayyanu ya zauna a ƙasa inda tsohon zai ga bakinsa.

"Maigida, ban iya ba ka motar cikin fili ba," in ji shi. "Na kira ka ta radiyo ka tsaya, ba ka ji ba."

Gajere ya aje fitilar. Ya ce radiyon ne ba shi da kyau.

"Radiyon lafiya lau yake, Maigida. Kunnen ne. Hannunka kuwa babu irinsa a wurin, ni ma ban kai ka ba."

Tsohon ya dube shi. Ya ce, "Ni na aza ka bisa kujerar mota, Rayyanu."

"Kai ne, Maigida. Shi ya sa na zo da kaina."

Gajere ya ɗauki fitilarsa ya ci gaba da gyara, bai ƙara ɗaga kai ba. Rayyanu ya yi sallama ya fito, zuciyarsa ba daɗi. Kwanaki suka wuce, in sun haɗu a masallaci tsohon ya amsa gaisuwa a taƙaice ya wuce.

Da jiragen suka iso sai wata matsala ta ɓullo wadda ba a yi lissafinta ba. Filin ba shi da shinge, kuma tun kaka da kakanni ta tsakiyarsa masu amalanke ke yanke hanya zuwa kasuwa, ta nan makiyaya ke kora shanu zuwa tafki. Ranar kasuwa ta farko sai da matuƙin jirgi ya yi ta kewaya a sama yana jiran a fitar da garken tumaki. Aka tura samari su hana, mutane suka ƙi saurarensu, har aka kusa ba hammata iska. Rayyanu ya ce wa masu aikin ya san mutum ɗaya da duk ƙauyukan nan ba mai iya ƙin maganarsa, don babu gidan da bai taɓa kai wa mara lafiya asibiti ko ya kawo musu amarya ba.

Ya koma zauren. Wannan karon bai yi dogon bayani ba, ya ce aiki ya gagare su, sai shi. Akwai ƙaramar mota da za a ba shi, ba ta shiga cikin fili, bayansa za ta riƙa kewayawa, kuma ba radiyo, tuta ce: in an ɗaga ja daga rumfar ma'aikata, a tare hanya, in an sauke, a saki. Gajere ya tambaya ko ita ma sai an gwada shi. Rayyanu ya ce ƙwarai kuwa, kowa sai an gwada shi. Tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya shiga cikin gida ya ɗauko matashinsa.

Ya ci wannan gwajin ba tare da kuskure ko ɗaya ba, don tun daga nesa yake hango tutar kafin samari su gan ta. Ya bi ƙauyuka da rugage ɗaya bayan ɗaya, ya sha fura a nan, ya yi barkwanci a can, ya nuna wa makiyaya inda za su ratsa da lokacin da za su jira. Masu amalanke suka riƙa tsayawa a bakin fili suna hira da shi har jirgi ya tashi, wasu ma don kallon suke zuwa. Har aka gama feshin ba a taka ko akuya ba, direbobin da Rayyanu ya hora kuma ba wanda ya gogi jirgi. Hatsi ya tsira, ba duka ba, amma an cika rumbuna daidai gwargwado.

Bayan kaka, Ramla, ɗiyar Gajere da ke aure a Maraɗi, ta zo ta tafi da shi aka duba masa kunne, aka ba shi ɗan abin da ake saƙalawa don ƙara ji. Ba ya sa shi sai ranar Juma'a saboda huɗuba, yana cewa ashe duniya ta cika surutu bai sani ba. Filin ya koma wurin kiwo, ciyawa ta rufe jar ƙasar. Rayyanu ya koma gonarsa, wasu daga samarin da ya hora suna zuwa neman shawara kan yadda za su samu irin aikinsa na da. Da hantsi yakan biya ta zauren Gajere su sha shayi, kuma tsohon ya riga ya gaya masa cewa in jirage sun sake dawowa, kamiyon mai yake so, zai sa abin kunnen a gwada shi da radiyo. Rayyanu ya ce ya zo, za a gwada shi kamar kowa.