Farcen Shahon Mokolo

Mun tashi daga Garuwa da asuba, ni da abokina, littafin tsuntsaye na Faransanci a jakata. Wata biyu ina haddace hotunan ƙananan shahon nan masu tsayawa cak a iska, har na ɗauka ko daga nesa zan bambance su. Mota ta cika maƙil, kuɗinta ya ƙaru, buhun albasa a kan ƙafata har garin Gidar. Can muka sha kunu da ƙosai, muka hau babur, hanya duk duwatsu.

A bayan Mokolo muka tarar da wani dattijo manomi, danƙo a hannu, ya zuba wa wani tsuntsu ido a kan busasshen reshe. Cikin Hausa gauraye da Fulatanci ya ce 'yan tsakinsa uku sun ɓace, kuma wannan yake zargi.

Nan na tsoma baki. Na ce ai iri biyu ne masu kama da juna: ɗan gida mai kama ɓera da ƙananan tsuntsaye, da baƙo daga Turai wanda fara ce abincinsa. Namijin ɗan gida bayansa ja ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, na baƙon ja ne sumul, da toka-toka a fiffike.

"To, wannan wanne ne, ɗana?"

Na ɗaga madubin hangen nesa. Ruwan ƙasa, zane ko'ina. Ashe mace ce. Matan kuwa, littafin ma ya ce sai an duba farce: na 'yar gida baƙi ne, na baƙuwar fari. Ita kuma ta ɓoye ƙafafun cikin gashin cikinta. Abokina ya ƙara dagula ni, wai jelar ta yi tsawo, ƙila iri na uku ne mai zama a duwatsu. Na buɗe shafi, na koma baya, gumi na keto min.

"Baba, wallahi ban sani ba."

Ya yi dariya, ya karɓi madubin, ya daɗe yana kallo. Sai ya ajiye danƙon, ya ce tunda mai littafi ma bai tabbatar ba, shi ba zai harbi wanda ba a kama da laifi ba. Tsuntsuwar ta miƙe ƙafa ta tashi, madubin na idonsa. Na tambaye shi launin faratan da sauri. Ya ce bai lura ba, amma fa suna da kaifi.

Washegari muka dawo Garuwa da hotuna cike da waya, babu ƙafa ko a ɗaya. Har yanzu ban san wacce na gani ba. Abin da na koyo shi ne, haddar wata biyun ba ta ceci tsuntsuwar nan ba, "ban sani ba" ce ta cece ta.